Yaye Ba Yaro Kaɗai Yake Taɓawa Ba

A gidajenmu, da yaro ya doshi shekara 2 sai a fara zancen yaye. Alƙur'ani ya ambaci shekara 2 cikakku na shayarwa a Suratul Baƙara, aya ta 233. Likitoci ma suna cewa a ba jariri nono zalla wata 6, sannan a haɗa masa da abinci har ya kai shekara 2. Lissafin a fili yake, amma ba kasafai ake faɗa wa uwa abin da zuciyarta za ta ɗauka ba.

Al'ada ta tanadi hanya: a kai yaro gidan kaka, ta riƙa lallashinsa da kunun gyada da goyo har ya haƙura. Ranar da aka tafi da tawa 'yar, na share tsakar gida, na gama girki da wuri, sai na rasa abin yi da hannuwana. Cikin dare na farka ina laluben gefen katifa.

Da ta dawo ta ɗan noƙe, tana leƙena daga bayan zanen kakarta, kafin ta rugo. A nan na gane cewa reno duka sakin hannu ne a hankali: yau nono, gobe goyo, jibi ƙofar makarantar allo.

Ya ku maza da dangi, idan ana yaye a gidanku, ku lallashi yaron, ku kuma tambayi uwar yadda ta kwana.