Awon Gonar Gado

Taraktar Baba, ƙirar Massey Ferguson, ta girme ni. Ta yi huɗa daga Kiru har Doguwa. Fentinta ya koɗe, amma injinta bai gaza ba. Damuwarmu ɗaya: kowace damina sai an yi jayayya da masu gonaki kan yawan kadada.

Bara na sa bakanike ya ɗaura mata wata 'yar na'ura mai aiki da tauraron ɗan'adam, wadda ke zana duk inda garma ta bi a fuskar waya. Baba ya ce, "Ɗan nan, ƙasar da na shekara 30 ina takawa ce waya za ta auna mini?"

Muka fara da gonarmu ta gado a Bebeji, kusa da madatsar Tiga. Tun zamanin kakana kadada 5 ake ce mata. Zanen ya nuna 4. Baba ya daɗe yana kallo, bai ce uffan ba.

Bayan isha'i ya kira ni. "Gobe a koma gonakin da muka karɓi kuɗin aikinsu. Idan haƙƙin wani na hannuna, gara in mayar tun ina da rai."