Kujera 114, Jam'iyya Ɗaya: Abin da Na Gano a Mazaɓun Gombe

Wallahi tun da na ga lissafin kujerun kansilolin Gombe na kasa zama wuri ɗaya! Duk wanda na haɗu da shi, a majalisa ko a bakin masallaci, sai na tare shi da tambaya: waye kansilanka? Mafi yawa sai su yi shiru. Wasu su kira sunan ɗan majalisar jiha, wasu su ce ai ba a zaɓen kansila, naɗa shi ake yi.

Wani dattijo da ya daɗe yana aikin wakilin jam'iyya a rumfunan zaɓe ne ya buɗe mini ido. Ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihun babbar rigarsa, ya ce, "Ɗana, karanta ka ji garinku." Na karanta da ƙarfi: Ajiya, Bajoga, Bolari ta Gabas, Bolari ta Yamma, Dawaki, Herwagana, Jekadafari, Kumbiya-Kumbiya, Nasarawo, Pantami, Shamaki. Mazaɓu 11 cif, kowace da kansilanta a majalisar Ƙaramar Hukumar Gombe. Unguwannin da muke ratsawa kullum a kan acaɓa, ashe kowace kujera ce da ake iya nema, a ci ko a faɗi!

Na ce, "Baba, ina Tumfure? Ban gan ta ba." Ya ce Tumfure tana ƙarƙashin Akko. Ka ji fa! Mutum ya kwana a Tumfure, ya yi kasuwarsa a tsakiyar Gombe, ya kai 'ya'yansa makaranta a Gombe, amma sakatariyar ƙaramar hukumarsa tana can Kumo. Tun da aka cire jihar daga Bauchi ranar 1 ga Oktoban 1996 gari yake faɗaɗa, gidaje suna cinye gonaki, iyakokin kuwa suna nan inda aka bar su.

Sai ga babban abin. Jihar Gombe tana da ƙananan hukumomi 11 da mazaɓu 114. A zaɓen da hukumar zaɓe ta jiha, GOSIEC, ta shirya a watan Disamban 2020, APC ce ta kwashe kujerun ciyamomi 11 da na kansiloli 114. Aka sake yi a watan Afrilun 2024, aka sake samun sakamako iri ɗaya. Kafin wani ya ce ɗabi'ar jam'iyya ɗaya ce, a zamanin Gwamna Ibrahim Hassan Dankwambo PDP ce take share kujerun baki ɗaya. Duk wanda yake Gidan Gwamnati, nasa ne ke cika majalisun.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na san Gombawa ba haka suke jefa ƙuri'a ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, Atiku Abubakar na PDP ya samu ƙuri'a sama da 319,000 a jihar nan, Bola Tinubu na APC kusan 147,000. A ranar kuma Dankwambo ya ci kujerar sanatan Gombe ta Arewa, wadda birnin nan yake cikinta. Bayan makonni uku mutanen suka koma rumfa suka mayar da Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya na APC kan kujerarsa. Masu zaɓen da suka iya ware wannan daga wancan har haka, ta yaya za a ce ko mazaɓa ɗaya a cikin 114 ba ta karkata wani ɓangare ba?

Na bi tsarin mulkin 1999 na ga inda gizo ke saƙar. Sashe na 7 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, amma hukumar da ke shirya zaɓen gwamna ne ke naɗa mambobinta, majalisar jiha ta amince. Haka yake a kowace jiha, shi ya sa sakamakon yake kama da juna daga Kano har Legas. Sannan dole sai jam'iyya ta tsayar da kai. A yankin Wales na Birtaniya, mai majalisu 22, malamin makaranta ko manomi yakan tsaya a mazaɓarsa ba tare da jam'iyya ba ya ci, har akwai majalisun da irin waɗannan kansiloli ke jagoranta. A nan kuwa, mutumin da duk Herwagana ta yarda da amanarsa ba shi da hanyar shiga takardar ƙuri'a sai ta hannun masu rabon tikiti.

Kuma kujerar ba ƙarama ba ce. Kasuwanni, tashoshin mota, kwasar shara, magudanan ruwa, makarantun firamare, ƙananan asibitoci, duk akwai hannun ƙaramar hukuma a ciki. A garin da zaizayar ƙasa ke cin gidaje duk damina, wanda zai miƙe a majalisa ya ce kwalbatin unguwarsa ya toshe ya fi mana amfani kullum fiye da manyan da ke Abuja.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma gwamnoni su daina ɗora kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Idan hukuncin ya zauna da gindinsa, kansilolin nan 11 ne za su amince da kasafin kuɗin Ƙaramar Hukumar Gombe, su ne kuma za su iya tsare ciyaman da tambaya. Dattijon ya ce a duk shekarunsa na aikin rumfa, ranar zaɓen kansila ce ranar da layi ya fi gajarta. Ni dai na riga na sa matasan layinmu sun nemo sunan kansilanmu da ranar da majalisar ke zama, kuma mun shirya zuwa mu saurara.