Muryar da ta yi ƙaura

Wata ranar Laraba ce bayan sallar isha'i, shekara goma sha ɗaya ke nan. Inna ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gida, ta ɗora ƴar rediyonta bisa turmin da aka kifa, kamar yadda ta saba. Aka kaɗa taken shirin, wannan kiɗan gurmi da ko yaran unguwa sun haddace shi. Da kiɗan ya lafa, sai wata murya ta yi sallama, muryar wani saurayi da ba mu sani ba, ya shiga karanta gaishe-gaishe kamar dai shi ya saba zama a kujerar. Inna ta saurara har ya kai ƙarshe, tana jiran a ce wani abu game da mai shirin. Ba a ce ba. Ta juyo wajena, ta kira ni da sunan da unguwa ta laƙaba mini, domin ni ɗan fari ne, ba ta faɗin nawa: «Mushe, ko rasuwa aka yi ba mu ji ba?»

Ba rasuwa aka yi ba, kuma ni na san abin da ya faru. Mai shirin, wanda zan kira Malam kawai, ya yi shekara tara yana hira da tsofaffin garinmu a wannan tasha mai zaman kanta da ba zan ambaci sunanta ba: tarihin unguwanni, kirarin maƙera da na mahauta, waƙoƙin daka da na niƙa. Sau ɗaya a wata nakan kai masa ɗaliban ƙungiyar Hausa ta makarantarmu, su riƙe masa na'ura, su koyi yadda ake tambayar babba ba tare da an katse shi ba. Wata sabuwar tasha a cikin gari ta yi masa tayin albashi mai tsoka, ya karɓa, ya je ya sanar da darakta cewa zai tafi nan da wata guda. Kashegari da ya zo aiki, mai gadin da suka yi shekaru suna shan shayi tare ya tare shi a bakin ƙofa, yana sunkuyar da kai, ya ce an ce kada ya shiga.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin ciwon ƙananan tashoshinmu, waɗanda ba su daɗe da haihuwa ba. Mai karatu zai tuna cewa har zuwa taron ƙasa na 1991, Muryar Sahel kaɗai gare mu a cikin gida. Sai a 1994 tashar farko mai zaman kanta ta buɗe a Yamai. Kafin nan ma'aikacin rediyo ba shi da inda zai koma, sai dai a yi masa canjin wurin aiki kamar kowane ma'aikacin gwamnati. Na ce a raina, kishi sabo ne a wannan gida, shi ya sa ba a iya shi ba.

Abin da ya faru a Ingila a 2023 ya gyara mini tunani. Ken Bruce, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, ya yi sama da shekara 30 yana gabatar da shirin hantsi a tashar BBC Radio 2, kuma fiye da mutum miliyan 8 ke saurarensa a kowane mako. A watan Janairu aka sanar da cewa zai koma Greatest Hits Radio, tashar ƴan kasuwa. Yarjejeniyar aikinsa sai ƙarshen Maris za ta ƙare, shi kuma ya yi niyyar cika ta. Amma gidan ya yanke masa kwanaki: ya yi shirinsa na ƙarshe ranar 3 ga Maris, ya zauna gida wata guda, ya fara a sabon wurin ranar 3 ga Afrilu. Ingilishi suna da suna mai ban dariya ga irin wannan zama, suna ce masa hutun gyaran lambu: ana biyanka albashi, amma ka tafi ka kula da shukokinka, kada a ji muryarka. Ashe gidan da ya haura shekara ɗari yana wannan sana'a ma yana jin tsoron abin da daraktan garinmu ya ji tsoro.

Kuma tsoron ba na banza ba ne, gaskiya ɗaya ce. Wanda ya riga ya ba kishiya alkawari, duk safiyar da ya buɗe baki a tsohon gida, talla yake yi wa sabon. Masu kiran waya za su yi ta tambayarsa ina za shi, da wane lokaci za a same shi. A wajenmu ma abin ya fi haka nauyi, domin sau da yawa mai gabatarwa shi ne ke shiga kasuwa da ƙafarsa yana nemo tallace-tallace a hannun ƴan kasuwar da suka san shi, ana ba shi kasonsa a ciki. Ran da ya tashi, mai shagon atamfa da mai maganin gargajiya sukan bi shi. Ko a Ingila, a ƙididdigar farko da aka yi bayan tafiyar Ken Bruce, Radio 2 ta rasa masu sauraro kusan miliyan guda. Darakta mai albashin mutum goma sha biyar a wuyansa, ga kuɗin lantarki, ga man janareto, ba zan ce masa mugu ba don ya firgita.

Sai dai wannan gida na BBC ya taɓa bin wata hanya. A watan Satumba na 2018 Chris Evans, mai shirin safe a tashar, ya faɗa da bakinsa a cikin shiri cewa zai bar ta, aka kuma sanar da cewa zai koma Virgin Radio, aka bar shi yana aiki har jajibirin Kirsimeti, ya yi bankwana a tsanake. Faransawa kuwa, waɗanda nake koyar da harshensu, sun mayar da abin kamar kaka da rani. Shekarar rediyo takan ƙare wajen ƙarshen Yuni, sabuwa ta fara a ƙarshen Agusta, a tsakani ake sauye-sauyen da suka aro wa suna daga cinikin ƴan ƙwallo, mercato. Haka Laurent Ruquier ya bar Europe 1 a 2014 bayan shekara 15, ya koma RTL ya gaji shirin Les Grosses Têtes daga hannun Philippe Bouvard wanda ya riƙe shi tun 1977, kuma da yawa daga abokan hirarsa suka bi shi. Hutun bazara ya zame musu idda. Ban sami kalmar da ta fi wannan dacewa ba, ko da malamai za su harare ni: wa'adi sananne tsakanin gida da gida, wanda kowa ya san farkonsa da ƙarshensa. Dokarsu ma ta shiga maganar. Tun hukuncin da babbar kotunsu ta yanke ranar 10 ga Yuli 2002, sharaɗin da ke hana ma'aikaci komawa wajen abokin gasa ba ya aiki sai an iyakance masa lokaci da yanki, an kuma biya mutumin diyyar zaman da zai yi. Mai son a yi masa idda, shi ke ciyarwa.

Malam bai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin tun farko babu takarda tsakaninsa da gidan. Da baki aka ɗauke shi, da bakin mai gadi aka sallame shi. A nan ne abin da ya fi ci mini rai yake.

Ken Bruce ya tafi da gasar tambayoyinsa ta waƙoƙi, PopMaster, saboda shi ya yi rajistar sunan. Dole BBC ta ƙirƙiro wata ta maye gurbinta. Shirin Malam fa, na wane ne? Shi ya raɗa masa suna, shi ya roƙi mai gurmi ya kaɗa masa take, shi ya san ƙofar kowane tsoho. Tashar kuma ita ta ba da na'ura da kaset da lokaci. Da ya nemi a ba shi kwafin hirarrakin, aka ce dukiyar gida ce. Na je da kaina, da takarda daga ƙungiyarmu, na ce ba don Malam ba, don makaranta. Daraktan ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni ruwa mai sanyi, ya ce in dawo bayan salla. Da na dawo bayan sallar, an riga an wanke kwamfutar da ke ɗauke da hirarrakin shekarun baya-bayan nan saboda ta cika, kaset-kaset na farkon shirin kuma suna cikin kwali a wani ɗakin ajiya mai rufin kwano. Wanda ya san zafin watan Afrilu a ƙasar nan ya san abin da yake yi wa zaren kaset. Ba na jin wani ya yi haka da gangan. Abu ne na wanda ya tafi, kuma a gidan ba a son ambaton wanda ya tafi, shi ke nan babu mai tuna kwalin.

Mukan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma tsofaffin da suka yi magana a cikin waɗannan kaset ba su bar gidan kowa ba, Inna ma haka. Ita ba ruwanta da sunan tasha. Murya ta sani, da ranar Laraba. A ganina abin da take bi bashi bai wuce jimla biyu ba: wane ya bar mu, mun gode masa. Ba sai an faɗi inda ya koma ba. Ɓoyewar ma ba ta da amfani, don kafin sati ya zagayo duk majalisun shayi sun sani, ƴan kabu-kabu sun kai labarin ko'ina. Yau da waya ke hannun kowa, ko kwana ba a yi. Lokacin da wasu ma'aikatan sashen Hausa na BBC suka koma TRT Afrika, wadda ta fara aiki a 2023, a shafukan Facebook muka fara ji, daga su kansu. Shirun tasha ba ya tsare mai sauraro. Yana dai koya masa cewa gidan da yake buɗe wa kunnensa kowane dare zai iya kallonsa ya yi kamar ba a yi komai ba.

Malam ya sake buɗe shirin a sabon wurin da wani suna, da wani take. Jikan Inna ya murɗa mata rediyo ya samo shi, ta sa a ɗaura zare a jikin allurar don kada ta ɓace. Amma shirin bai koma yadda yake ba, don da yawa daga tsofaffin farko sun riga mu gidan gaskiya. Cikinsu har da wata tsohuwa ta bayan kasuwa, wadda ta rera mana waƙoƙin niƙa na kusan awa guda wata ranar Asabar, tana kwaikwayon jan dutse da hannuwanta. Abin da ya rage na wannan rana shi ne littafin wata ɗalibata da ta bi ta da alƙalami, shafi goma sha huɗu. Yana cikin akwatina. A shafi na tara akwai layi uku da ta bari fari, ta rubuta a gefe da jan biro: a sake saurare a kaset.