Harkar Iyali

6 ga Janairu
Jiya ma haka. Maiɗakina ta juya ta fuskanci bango, ba ta ce uffan ba. Na riga ladan isa masallaci.

9 ga Janairu
A tasha, mota da lasifika: maganin basir, maganin sanyi, ƙarfin maza. Na tsaya nesa kamar mai jiran wani. Gorar ba suna, ba lambar NAFDAC. Ban saya ba. Da yamma a majalisa aka tayar da zancen, kowa na ƙyaƙyata dariya. Na ce kaina ke ciwo, na tashi.

13 ga Janairu
Asibiti. Layin masu ciwon suga tun bakwai na safe, ga sanyi. Har likita ya rufe kati, sannan ya ce, "Akwai wani abu kuma, Malam?" Na ce, "Harkar iyali ce." Bai ɗaure fuska ba, bai yi murmushi ba. Ya ce suga in ya daɗe yana hawa yakan lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyi. Hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, shi ya sa matsalar kan fara bayyana a can. Wasu magungunan hawan jini ma kan jawo ta, zai duba nawa. Fargabar kada a kasa ita ma kan hana. Wannan ta ƙarshe na san ta.
Gwajin zuciya, da gwajin suga na wata uku.

14 ga Janairu
Wato ba sammu ba ne. Na yi barci.

19 ga Janairu
Sakamako bai fito ba. Shayi ba sukari. Tafiya a ƙasa bayan la'asar, har gada da dawowa. Ƙafa kamar ana tsira mata allura.

22 ga Janairu
Ta tambaya, tana naɗe kayan yara: "Baban Ummi, aure za ka ƙara ne?" Ashe abin da ke cinta ke nan duk watannin nan. Na ba ta takardar asibiti, na faɗa mata komai. Ta yi kuka. Faɗa ma ta yi, wai don me na bar ta tana zargin kanta.

28 ga Janairu
Zuciya lafiya, alhamdu lillahi. Suga dai sama. Likita ya rubuta sildenafil, ya fara da ƙarami. Kamar awa guda kafin lokaci, kada a cika ciki da maiƙo, kuma ba ya aiki in babu sha'awa. Ya nanata: mai shan maganin ciwon ƙirji na nitrate kada ya kusance shi, jini zai faɗi ƙasa warwas. Na tuna gorar tasha. Ya ce irinsu sau da yawa wannan ƙwayar ake dakawa a ciki, ba awo.

31 ga Janairu
Ciwon kai, hanci a toshe. Rabi-rabi.

3 ga Fabrairu
Babu. Haushi duk yini, na yi wa yaron shago tsawa ba dalili.

5 ga Fabrairu
Ta ce ranar komawa asibiti da ita za a je. Ban amsa ba tukuna. Litinin ce.