Dokin da Ke Cin Turkensa: Yini Guda a Sarkin Yamma

In ka bar Maraɗi ka yi yamma, ka tsallake gulbi, kafin zaman babur ya gajiyar da kai ka shiga ƙasar Sarkin Yamma, ɗaya daga cikin gundumomin karkara na Madarumfa. Da rani na je. Gulbin ya koma rairayi, ba abin da ke kore sai lambunan fadama da itatuwan gawo. Gona na bin gona, ban ga wani fili da za a kira makiyaya ba.

A gidan wani dattijo na sauka. Bayan zaure, ƙarƙashin rumfar kara, akwai ingarmu biyu, akawali da kili, kowanne a turkensa da dabaibayi. Akawalin ne ya ɗauke mini hankali. Sai ya kafa haƙoran gaba a kan turke, ya ƙage wuya, ya ja iska da wata ƙara kamar gyatsa, ya saki, ya sake. Kan turken ya guigiye kamar gara ta ci shi. Shi kuwa kilin, da ya ji motsin ƙwaryar dusa, sai ya shiga rangaji, dama da hagu, yana kartar ƙasa har ya yi rami a gabansa.

Na ce, "Baba, ko yunwa ce?"

Ya yi dariya. "Ɗana, tiyar gero yake lashewa kullum, ga dusa ga kanwa. Ni ma ban ci kamarsa ba."

Ya ce ya shafa wa turken barkono, ya gwada maɗaci, ya gwada bulala. Har hayaƙi an yi, don wasu sun ce iska ce. Duk a banza.

A ganina geron nan yana cikin masu laifi. Dokin da aka saki yakan shafe wajen awa 16 a yini yana tsinkar ciyawa yana tafiya. Tumbinsa ƙarami ne, kuma ruwan tsamin da ke narka abinci ba ya daina zuba, ko da ci ko babu. Yawun da ke kashe kaifinsa kuwa sai ana tauna yake fitowa. Dokin da ya gama hatsinsa cikin ɗan lokaci ya tsaya yini cur baki ba aiki, cikinsa na ƙuna, sai ya nemi abin kamawa. Likitocin dabbobi sun daɗe da ganin wannan ɗabi'a tare da gyambon ciki da ƙullewar ciki, ga zaizayar haƙora. Rangaji kuma ɗan kaɗaici ne da zumuɗin jiran abinci.

Da can doki a nan ba ya rasa aiki. Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi a kan sirdi suka riƙe ƙasarsu. Yau babur ya karɓe tafiya, abin da ya rage wa doki shi ne hawan Sallah, rakiyar ango da sukuwa jefi-jefi. Da damina ba a sakinsa saboda shuka, ga kuma ɓarayin dabbobi da suka addabi ƙauyukan bakin iyaka, suka sa kowa ya jawo dukiyarsa cikin gida. Sai turke ya zama duniyarsa.

Maƙwabcin dattijon, wani matashi mai goɗiya, shi ya fi burge ni. Ya rage hatsi, ya raba shi sau uku, kuma ba ya bayarwa sai dabbar ta fara cin harawa ko ingirici. Ciyawar ma a cikin raga yake rataye ta, don ta daɗe tana fizga. Safe da yamma ƙanensa na fita da ita kilisa, a bar ta ta yi birgima a rairayin gulbi. Jakin gidan a kusa da ita yake kwana. A Ingila har madubi aka gwada kafa wa dawaki masu rangaji a barga, kuma ya rage; a nan jaki ya fi madubi araha.

Akwai wani maɗaurin wuya da Turawa ke sa wa doki don ya kasa jan iskar. Ban yarda da shi ba. Ƙarar kawai yake hanawa, ranar da aka kwance shi dokin ya rama bashi. Haka ma masu nesanta irin wannan doki da sauran don kada su koya: babu tabbacin ana koyo, kaɗaicin kuwa ƙara abin yake yi. Gaskiya ɗaya mai ɗaci ita ce, ɗabi'ar da ta tsufa ba ta cika barin doki gaba ɗaya ba, sai dai ta ragu. Shi ya sa a duƙushi ake tarar ta, kada a yaye shi da wuri a ɗora shi kan hatsi.

Bayan la'asar na roƙi dattijon ya bari a zaga da akawalin. Jikansa ya hau shi ba sirdi, suka nufi fadama. Da suka dawo aka zuba masa harawa, ya sunkuya yana ci. Har na hau babur ana kiran magariba bai waiwayi turken ba.