Kakata A Kwanakin Kulle

A shekarar 2020, ina aji biyar na firamare, aka rufe makarantu saboda cutar korona. Ni da ƙannena har murna muka yi, a zatonmu hutu ne ya samu. Cikin watan Afrilu aka kulle Kano, ba kasuwa, ba sallar Juma'a, azumi kuma ya riske mu a haka. Kusan kullum sai a ji dattijo wane ya rasu.

Kakata wadda ta haifi babanmu ta haura shekara 85 a lokacin, idanunta sun yi rauni, ba ta fita. Duk da haka ɗakinta bai taɓa rabuwa da mutane ba. Ga masu zuwa gaisuwa, ga yara masu tallan goro, ga kuma wata tsohuwar ƙawarta da takan zo kowace Alhamis su wuni suna hirar mutanen da. Da Baba ya ji a rediyo cewa cutar ta fi yi wa tsofaffi illa, sai ya hana kowa shiga wurinta. Ni aka ɗora wa kai mata abinci, in ajiye a bakin ƙofa in juya.

Ba a daɗe ba kwano ya fara dawowa kusan yadda na kai shi. Wata rana ta ji motsina, ta ce, "Maigida, ko sakina ka yi ba ka aiko mini da takarda ba?" Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce ta ga agana, ta ga sanƙarau na 1996, amma ba ta taɓa ganin cutar da ake gudun mai lafiya ba. Sannan ta tambaye ni yau wace rana ce. Ashe da zuwan ƙawarta take lissafin kwanaki.

Na faɗa wa Baba, ya yi shiru. Ba na ganin laifinsa, tsoron rasa ta yake yi. Daga ranar aka riƙa shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, nesa kaɗan da ƙofarta, mu sha ruwa tana jin muryarmu tana tsokanarmu. Cin abinci ya dawo.

Abin da muka ɓoye mata shi ne ƙawar tata ta rasu cikin azumin. Bayan Sallah Baba ya shiga ya faɗa mata. Ta yi salati, ta ce ai ta sani, don da tana da rai da ko saƙon gaisuwa ta aiko.