Godiya ga Baba Mai Gyaran Tarakta

 Baba, a madadin 'yan'uwana da muke noma gona ɗaya nake wannan godiya, kuma na ga ya fi kyau in yi ta inda jama'a za su ji, saboda aikin da kuka yi mana a kan tsohuwar Massey Ferguson 135 da mahaifinmu ya bar mana.

Irin wannan tarakta tun 1964 aka fara ƙera ta, aka daina a tsakiyar shekarun 1970, don haka tamu ta girmi duk mai tuƙa ta a gidan. Injinta Perkins mai silinda uku bai taɓa ba mu kunya ba. Bayanta ne ya tayar mana da hankali ana gab da saukar damina: a ja liba, garma ta tashi da ƙyar, ta tsaya a sama tana shaƙuwa, a kashe inji ta sulale ƙasa. Ga giya kuma, ba ta shiga sai da ƙara. Duk wanda ya leƙa sai ya ce a sauke giyabos, a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo sabon famfon ɗaga garma. Kuɗin da aka lissafa mana ya kusa cinye na taki.

Ku kuwa ba ku taɓa sifana ba sai da kuka zaro sandar awon mai. Man ya yi fari kamar kunun gyaɗa. A nan kuka fahimtar da mu abin da ba wanda ya taɓa gaya mana: a wannan tarakta mai ɗaya ne ke shayar da giya da aksil na baya da na'urar ɗaga garma, famfon ma a cikinsa yake nutse. Ruwan sama ya daɗe yana bi ta yagaggun robobin sandar giya yana gangarawa ciki, ya haɗu da datti ya toshe matatar famfo.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin tocila. Kun rage mai, kun cire murfin gefe, kun sa aka ɗaga garma, kuka ce kowa ya leƙa amma kada wanda ya kuskura ya zura hannu inji na aiki. Kuka ce in mai na zubowa daga sama, silindar ɗagawa ce ke yoyo. In kuwa yana motsi a ƙasa kusa da famfo, a tuhumi bawul. Da idona na ga yana tsiyayowa daga sama. Ringin fistin ne suka cinye, famfo lafiyarsa lau. Makanikin da zai hana kansa cinikin famfo a watan da kowa ke neman kuɗin noma, ba kullum ake samunsa ba.

Maganar giya ba ta ɗauki lokaci ba. Kuloci ne ke buƙatar saiti, kuka daidaita shi. Kuka kuma ja kunnen ƙanena cewa wannan giyar ba irin ta mota ba ce, sai tarakta ta tsaya cak ake sauyawa, sannan in ya danne kuloci har ƙasa famfo ma tsayawa yake yi, kada ya ɗauka lalacewa ce.

Yanzu an zuba sabon mai, an sa sabbin robobi, garma na kwana a rataye in aka manta ba a sauke ta ba, ko da yake kun hana mu barin ta haka. Rumfar da kuka ce a yi wa taraktar ma an kafa ta. Allah Ya saka muku da alheri, Baba, Ya ƙara lafiya, Ya sa yaran gareji su gaji hannunku. Kuɗin aikin da kuka rage mana ba za mu yi musu da ku ba, amma buhun masara na farko in an yi girbi naku ne, kuma ba ma so a dawo mana da shi.